Damuwa da Ƙarfin Gwiwa ga Masu Jinyar Tarin Fuka: Nazari ta Fuskar Harshe, da Misali daga Ƙasar Mashi

Gabatarwa

Tarin fuka ciwo ne mai magani, maganinsa kuwa kyauta a ke ba da shi a asibitocin gwamnati na Nijeriya. Duk da haka ba kowa ne ya fara shan maganin ya ke kai shi ƙarshe ba. Likitoci sun daɗe da lura cewa abin da ke tsai da mutum a tsakiyar hanya sau da yawa a zuciyarsa ya ke: damuwa ta yi masa yawa, ko kuwa ya fid da rai zai iya jure wata shida yana haɗiyar ƙwayoyi.

Nufin wannan takarda shi ne a duba al'amarin ta fuskar harshe. Gama kome zurfin sanin likita, da baki za a isar da shi ga majinyaci, a ƙasarmu kuwa da Hausa za a isar. In kalmar da aka zaɓa ta kauce, saƙon ya kauce. An ɗauki ƙasar Mashi don misali. Mashi gari ne bisa hanyar Katsina zuwa Daura, hedkwatar ƙaramar hukumar da ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ta arewa. Ta wajen sarauta ƙasar Katsina ce, hakiminta shi ke riƙe da sarautar Iyan Katsina. Ta wajen zaɓe kuwa tana cikin shiyyar Daura. Ƙidayar 2006 ta sami mutum dubu 173 da ɗoriya a cikinta, galibinsu manoma gero da dawa da wake da gyaɗa.

1. Ciwon da maganinsa a taƙaice

Ran 24 ga Maris 1882 Robert Koch ya bayyana wa likitocin Barlin, a ƙasar Jamus, cewa ya ga ƙwayar cutar da ke kawo tarin fuka. Ta iska ta ke bi, sa'ad da mai ciwon a huhu ya yi tari ko atishawa a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Ba a gadonta, ba a kuwa ɗaukarta ta musafaha ko ta kwanon tuwo. Akwai dai wani irinta na shanu da kan shiga jiki ta madarar da ba a tafasa ba. An ƙiyasta wajen rubu'in mutanen duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsu, amma biyar zuwa goma kaɗai cikin ɗari ne ta kan tashi ta zama ciwo. Abubuwan da ke buɗe mata ƙofa su ne yunwa, da ƙanjamau, da ciwon sukari, da shan taba, da duk abin da ke raunana garkuwar jiki.

Maganin farko mai kashe ƙwayar, watau sitireftomaisin, a 1943 aka gano shi a Amurka. Aisoniyazid ya shigo a 1952, rifamfisin kuma cikin shekarun 1960. Kafin nan kwantar da mutane a ke yi a gidajen jinya na musamman, wata da watanni. A 1956 aka fara wani gwaji a birnin Madaras na Indiya, ƙarƙashin jagorancin Dokta Wallace Fox. Aka kwantar da wasu a gidan jinya, aka bar wasu a gidajensu, duka aka ba su magani iri ɗaya shekara guda. Da aka gama aka ga na gida sun warke kusan daidai da na asibiti, iyalinsu kuma ba su fi kamuwa ba. Wannan ya sauƙaƙe wa gwamnatoci, amma ya ɗauke nauyin jinyar daga wuyan asibiti ya aza wa majinyaci da danginsa. Tun daga lokacin halin zuciyar majinyaci ya zama wani ɓangare na maganin.

A 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tarin fuka ya zama annobar da ke bukatar matakin gaggawa. Bisa ƙiyasinta, a 2023 mutum miliyan 10.8 suka kamu a duniya, miliyan 1.25 suka mutu. Nijeriya ce kan gaba a Afirka, da kimanin rabin miliyan a shekarar. Tun 1989 gwamnatin tarayya ta kafa shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta, a Saye kusa da Zariya kuma a ke horad da ma'aikatansa. Tsarin maganin shi ne wata shida: wata biyu ana shan haɗin magunguna huɗu, wata huɗu ana shan biyu, kullum ba fashi. Wanda ya yanke, ciwon na iya komo masa, wani lokaci da irin da ba ya jin maganin farko. Jinyar wannan irin a dā har shekara biyu ta kan kai, da allurai masu iya kurmantar da mutum, sai a 2022 Hukumar ta amince da wani haɗin ƙwayoyi na wata shida. Ashe kwana ɗari da tamanin ɗin nan su ne abin da rai ya rataya a kai.

2. Sunan ciwon

Sunan da aka fi sani shi ne "tarin fuka". A ƙasar Katsina, inda a kan ce "hura" da "huska", "tarin huka" za ka ji. Akwai kuma "tibi", wanda aka aro daga harufan Turanci. Kowane daga cikinsu da irin cikas ɗinsa.

Kalmar "fuka" a bakin mutane da dama tana nufin duk wani ciwon ƙirji mai sa numfashi ya yi wuya, har da asma, wadda lallaɓa ta a ke yi, ba a rabuwa da ita. Wanda ya san fuka da wannan ma'ana, in aka ce masa yana da tarin fuka, abin da zai ji shi ne ya gamu da abokin zama har kabari. Kalmar "tari" kuma ta sa ciwon a sahu ɗaya da tarin mura da tarin shiƙa, watau an ɗauki alama guda an mai da ita sunan cuta. Daga nan kuskure biyu ke fitowa. Na farko, ran da tari ya tsaya sai mutum ya ga ciwo ya tafi. Na biyu, wanda ƙwayar ta kama a ƙashin baya ko a kaluluwar wuya, ba ya tari ko kaɗan, da wuya ya yarda an gano ciwonsa daidai. "Tibi" kuwa ba ta da wata ma'ana a Hausa, sai abin da jita-jita ta cusa mata. Tun da ya ke ciwon ya kan zo tare da ƙanjamau ga wasu, rama kuma alama ce ta duka biyun, mutane da yawa sun haɗa sunayen biyu a zukatansu.

Saboda haka a kan kauce wa sunan. Sai ka ji an ce "ciwon ƙirji ne", ko "sanyi ne ya shige shi", ko "ciwon nan dai". Sakaya sunan abin tsoro tsohuwar al'ada ce, tana kuwa rufa asiri. Illarta ita ce abin da ba a ambata ba ba shi tattaunuwa. Mutum na iya yin wata uku yana shan magani a ɓoye, ba wanda zai tuna masa, ba kuwa wanda zai kai 'ya'yansa gwaji.

3. Damuwa

Masana sun soma nazarin damuwa a matsayin abin da ke taɓa jiki tun 1936, sa'ad da Hans Selye a Kanada ya nuna cewa matsi mai tsawo, ko wane iri ne, yana jawo wa dabba sauye-sauye iri ɗaya a jiki. Yanzu an san cewa jikin mai damuwa ya kan yawaita fid da sinadarin kotizol, wanda in ya daɗe da yawa ya kan rage ƙarfin garkuwar jiki. Abin sha'awa, a gidan jinyar tarin fuka ma an auna wannan ga mutane. Cikin shekarun 1950 Dokta Thomas Holmes da abokan aikinsa a Firland, a birnin Siyatil na Amurka, suka lura cewa ma'aikatan gidan da suka kamu da ciwon sun fi sauran gamuwa da tashin hankali cikin shekara biyun da suka gabaci kamuwarsu. Daga wannan aiki ne shi da Richard Rahe suka fito da ma'aunin sauye-sauyen rayuwa a 1967, inda mutuwar miji ko mata ta zo a sama. Kada dai a fahimci cewa damuwa na kawo tarin fuka. Sai ƙwayar ta shiga jiki tukuna. Damuwa tana taimakon ƙwayar ne, kāna ta hana mutum ci da barci da tuna magani.

To, me Hausa ta ce game da wannan? Asalin "damuwa" ɗaya ne da "dama", kamar a dama fura ko kunu. Bisa tsarin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, "damu" ɗan aji bakwai ne, ajin da ke nuna abin da aiki ya faɗa wa har ya ratsa shi, kamar "dafu" da "gyaru" da "taru". Wanda ya damu, watau an motsa hankalinsa har ya gauraye, ba ya kwanciya. Shi ya sa kishiyarta ita ce "kwanciyar hankali".

Amma damuwa babbar rumfa ce, a ƙarƙashinta akwai kalmomin da ya kamata a rarrabe, don kowacce da lokacinta cikin jinya, kowacce kuma da abin da ke kashe ta.

"Fargaba", daga faɗuwar gaba, ita ce ta ranar da aka ce gwajin kaki ya nuna ciwon. A wannan rana kunne ba ya riƙe dogon bayani. Magana ɗaya ta isa: ana warkewa, magani kuwa kyauta ne.

"Zullumi" shi ne na abin da bai zo ba tukuna, watau wa zai nome gona, ina kuɗin babur zuwa asibiti, me surukai za su ce. Bayani da shiri ke rage shi.

"Tunani", kamar a ce "tunani ya yi masa yawa", shi ne na watannin tsakiya, sa'ad da masu dubiya suka ɗauke ƙafa mutum ya wuni shi kaɗai a ɗaki. Maganinsa mutane.

"Karaya", daga karya, ita ce ta ƙarshe, inda mutum ya yanke ƙauna ya ajiye maganin. Sauran ukun in an bar su nan su ke zubewa.

A ƙasa irin ta Mashi zullumin yana da dalili. Wata shida ba su shiga tsakanin ayyukan shekara ba tare da sun taka wani ba. Wanda ya fara magani a bazara, damina za ta same shi ba ƙarfin riƙe fartanya. Wanda ya fara da kaka kuwa, lokacin cin rani zai zo yana ɗaure da asibiti guda, alhali sa'o'insa sun tafi Kano ko Ikko neman na cefane. Bayan wannan ga yunwa. Da magani ya fara aiki sai cin abinci ya buɗe, in kuwa rumbu ba kome mutum ya kan ga kamar maganin ne ke cinye shi. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi a 2024 a ƙananan hukumomin Katsina da Jibiya da Mashi ya nuna tamowa ta tsananta ga yara, abin da ke nuna halin da tukwanen gidajen ke ciki. Wani bincike na ƙasa a 2017 ya sami cewa wajen gida bakwai cikin goma masu jinyar tarin fuka a Nijeriya asararsu ta wuce humusin abin da su ke samu a shekara, ko da ya ke ba su sayi ƙwaya ko ɗaya ba.

Sai kuma ƙyama. A wurin Bahaushe cin tuwo a kwano ɗaya shi ne shaidar mutum na cikin mutane. Ran da aka ware wa magidanci kwano da moɗa, an gaya masa magana mai nauyi ba tare da an buɗe baki ba. Matar aure na tsoron a ce ta tafi gidansu ta yi jinya, tafiyar da wani lokaci ba a komowa; budurwa na tsoron a fasa. Alhali kuwa abin da ke kāre iyali shi ne buɗe taga, da rufe baki wajen tari, da shan magani, gama mafi yawan masu shan maganin da ya dace haɗarin yaɗawarsu ya kan ragu ƙwarai bayan kamar mako biyu. Wariyar kwano ba ta tsare kowa ba, ta dai ƙara wa majinyaci tunani.

4. "Zai yiwu" da "zan iya"

A 1977 Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya bambanta abu biyu da a kan cakuɗa. Ɗaya shi ne mutum ya gaskata cewa hanya kaza tana kaiwa ga biyan bukata. Ɗayan kuwa shi ne ya gaskata cewa shi da kansa zai iya bin hanyar har ƙarshe. Ya nuna cewa na biyun ke hukunta ko mutum zai fara, da irin ƙoƙarin da zai sa, da tsawon nacinsa in ya gamu da cikas. Hausa ta riga ta raba su da kalmomi biyu. "Zai yiwu" magana ce game da al'amari. "Yiwu" ma ɗan aji bakwai ne, ba a ambaci mai yi ba. "Zan iya" kuwa magana ce game da mai maganar. Yawancin wayar da kan da a ke yi a rediyo da allunan asibiti bisa na farkon ya ke: tarin fuka yana warkewa. Majinyaci na iya yarda da wannan ɗari bisa ɗari, sa'an nan ya ce a ransa, "Ga masu hali dai."

Masu fassara su kan kira wannan abu na biyu "yarda da kai". Kalmar ta zauna a bakin 'yan boko, amma a kunnen dattijon ƙauye tana maƙwabtaka da "ji da kai" da "girman kai" da "son kai", waɗanda duk abin zargi ne. Mutumin da aka tarbiyyantar da shi kada ya ce zai yi abu gobe sai ya haɗa da "in Allah ya so", in ka matsa masa ya ce ya yarda da kansa, ka sa shi cikin kunya ne. Tsohuwar Hausa a jiki ta ke ajiye wannan hali: ƙarfin gwiwa, ƙarfin zuciya, ƙarfin hali. Kishiyoyinsu su ne sanyin gwiwa da mutuwar jiki da karyewar zuciya. Fa'idar "gwiwa" a nan ita ce wani na iya taɓa ta. A kan ce "ya ƙarfafa mini gwiwa", a kan kuma ce "ya kashe mini gwiwa". Watau harshen ya ɗauka cewa wannan ƙarfi a hannun jama'a ya ke, su ke ba da shi, su ke ƙwace shi.

Bandura ya lasafta mafari huɗu na wannan ƙarfi, kowanne kuwa ana iya sa shi cikin aikin jinya. Mafi ƙarfinsu shi ne nasarar da mutum ya gani da hannunsa. Saboda haka katin da a ke sa wa alama kullum, da sikelin da ke nuna nauyi ya ƙaru, sun fi wa'azi. Gara a ce "ka cika kwana talatin ba fashi" da a ce "saura wata biyar". Na biyu shi ne ganin wani irinka ya yi, abin da Hausawa suka taƙaice da "gani ya kori ji". A gundumar Este ta ƙasar Habasha, cikin shekarun 1990, an haɗa majinyata ƙungiya-ƙungiya bisa ga ƙauyukansu, suna zuwa asibiti tare suna haɗuwa a mako, aka kuwa sami ƙaruwar masu kammala magani. Manomin Mashi da ya warke ya koma gona, shi ne hujjar da maƙwabcinsa zai fi saurara. Na uku shi ne lallashin wanda a ke ganin girmansa, kamar liman ko mai unguwa ko uwa. Na huɗu shi ne yadda mutum ke fassara abin da jikinsa ke gaya masa, a nan kuwa nahawu ya sake shigowa.

In an lura, a jimlolin Hausa na rashin lafiya majinyaci kusan kullum shi ne karɓau. Ciwo ya kama shi, ya kwantar da shi, ya ci ƙarfinsa, ya sake shi. Har magani ma shi ke da zaɓi: "maganin ya karɓe shi", "bai karɓe ni ba". To, magungunan tarin fuka suna da halayen da aka sani. Rifamfisin na mai da fitsari ja, wannan kuwa ba kome ba ne. Firazinamaid na sa ciwon gaɓoɓi. Aisoniyazid na iya kawo zugi ko dindiris a ƙafa, wanda a ke tarewa da bitamin B6. Wanda ba a gargaɗe shi ba, ran da ya ga jan fitsari zai yanke hukunci cewa maganin bai karɓe shi ba, mai hankali kuwa ba ya nacewa ga abin da ya ƙi shi. In an gaya masa tun farko, wannan jan fitsarin shi zai zama shaidar magani ya ratsa jiki. Sai dai a haɗa masa da alamun da ke bukatar komawa asibiti nan da nan, watau idanu su yi shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya dushe.

5. Sauƙi da warkewa

Kowa ya san gaisuwar mara lafiya. A ce, "Sannu Baba, ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi." Ko yana kan gargara amsar ke nan, gama ladabi ce da godiya ga Allah. Ma'aikacin asibitin da ya tsaya nan bai ji kome ba. Damuwa ba ta fitowa sai an yi tambaya mai ƙofa: "Inna, jiya kin sami barci?" "Malam, wa ke kawo ka karɓar magani?" "A gida wa ya san kina sha?"

Kalmar tana da wani tarkon. "Sauƙi" na da daraja-daraja, ana samunsa, ana ƙara shi. "Warkewa" kuwa aikatau ne ɗan aji huɗu, ajin da ke nuna aiki ya kai matuƙa, kamar "ƙone" da "cinye". A yawancin cututtukan da mutane suka saba da su, kamar zazzaɓin cizon sauro, tazarar da ke tsakanin biyun 'yan kwanaki ce. A tarin fuka wata huɗu ce. Kafin wata na biyu ya ƙare zazzaɓin dare ya tafi, tari ya lafa, jiki ya fara murjewa, masu gaisuwa na cewa "ai ka warke". Amma akwai sauran ƙwayoyin cuta da suka lafe, masu jinkirin motsi, su ne wata huɗun ƙarshe ke bi. A nan ƙarfin gwiwar da ba shi da sani na iya zama haɗari, don mai jin ƙarfi shi ke ɗaukar jaka ya tafi cin rani. Manomi ba ya bukatar dogon sharhi in an ce masa wata biyun farko noman firi ne, huɗun baya kuma maimai. Ya san abin da ke samun gonar da aka bari don an ga ta yi fes bayan noman farko. Wanda tafiya ta zame wa dole kuwa, a sanar da shi cewa ana iya ba shi takardar da zai ci gaba da karɓar magani a garin da ya sauka.

6. Haƙuri

A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya yi kan mutumin kirki a wurin Hausawa, wadda aka buga a 1974, haƙuri na cikin halaye goma da ya lasafta. Ba kalmar da mara lafiya ke ji kamarta. Amma haƙuri iri biyu ne. Akwai na dangana, wanda a ke ba mai takaba, inda ba sauran abin yi. Akwai kuma na juriya da naci, irin na mai dafa dutse, wanda ke ta iza wuta. In aka ce wa mai tarin fuka "sai haƙuri" da muryar ta'aziyya, an ba shi na farko, an kuwa tura shi wajen karaya. Na biyun shi ne abin da wata shida ke bukata. Malaman addini sun riga sun raba tawakkali da sakaci, sun kuma karantar cewa neman magani ba ya warware dogara ga Allah. Haka nan zancen azumi, wanda ke sa wasu ajiye magani a Ramalana: shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, maganin kuma sau ɗaya a ke shansa a yini, ana iya shirya lokacinsa da ma'aikacin asibiti.

Wajibi ne a ƙara da cewa akwai damuwar da ta wuce lallashi. Wanda ya yi makonni ba ya barci, ba ya son magana, yana cewa gara ya mutu, ciwo na biyu ke gare shi mai bukatar likita. Wasu magungunan irin da ba ya jin magani, musamman saikuloserin, su da kansu su kan rikita tunani. "Yi haƙuri" ba ta isa a nan ba.

7. Bakin asibiti

A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake wasu kalmomin aikinta na Turanci. Wanda a ke jin ko yana da ciwon, a dā da kalmar da 'yan sanda ke kiran wanda su ke tuhuma a ke kiransa. Wanda ya daina zuwa kuma, da kalmar mai cin bashi ya ƙi biya. Aka musanya su da waɗanda ba su ɗora laifi. Hausar asibiti na bukatar irin wannan wanki. "Ya gudu" da "ya ƙi magani" da "mai taurin kai ne" duk hukunci ne kafin bincike, wanda aka yi wa shi kuwa kunya za ta hana shi komowa. "Ya kwana biyu bai zo ba, a bincika lafiya" ta bar masa ƙofa. Haka kuma "mai tibi": ginin "mai" kaza shi ne na sana'a da laƙabi, kamar mai goro da mai unguwa, ya kan kuwa liƙe wa mutum bayan dalilinsa ya wuce. "Yana shan maganin tarin fuka" ta mai da shi mai aikatawa, ta kuma nuna abin na da ranar ƙarewa.

Kammalawa

Abin da ya fito daga wannan nazari shi ne Hausa na da isassun kalmomin rarrabe damuwa da gina ƙarfin gwiwa, sai dai ba a tattara su an sa a hannun masu jinya ba. A nan malaman kwalejojin horon malamai ke da abin yi. Ɗalibansu daga kowace gunduma su ke, su ne kuma gobe za a kawo wa takardar asibiti a ƙauye a ce su karanta su fassara. Zai kyautu a sa kowane ɗalibi, in ya je hutu, ya rubuto sunayen da a ke kiran ciwon ƙirji da su a garinsu, da kalmomin damuwa da na ƙarfafawa, da jimlolin da ya ji an yi amfani da su, ba tare da ambaton sunan kowa ba. In aka jera na Mashi da na Daura da na Maraɗi aka gwama, za a sami abin da masu ƙamus ke bukata, a kuma sami abin da za a miƙa wa makarantun koyon aikin lafiya. Cikin darasin fassara kuma a riƙa ba ɗalibai bayanin shan maganin nan na wata shida su juya shi da Hausar da kakanninsu za su gane, sa'an nan a tambaye su bambancin "ka sami sauƙi" da "ka warke". Ɗalibin da ya iya bayyana wannan ga mutum ɗaya a ƙauyensu, karatunsa na nahawu ya yi rana.